Yadda ake gyara ma'aunin zanen alƙaluma a Excel da Google Sheets

A ƙarshen zango na biyu, wata shekara da ta wuce, aka ɗora min aikin haɗa sakamakon jarabawar lissafi na azuzuwa huɗu a makarantar da nake koyarwa, don a raba a taron malamai. Matsakaicin makin aji A 70 ne, na B 68, na C 65, na D 62. Na zuba su a Excel, na zaɓe su, na danna zanen ginshiƙai, ya fito tsaf, na buga a takarda. Lambobin da ke gefen hagu ko kallo ba su ishe ni ba.

Da aka raba takardar, malamar da ke riƙe da aji D ta jima tana dubawa, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina ce maki takwas ne tsakanina da aji A? To me ya sa ginshiƙina ya koma wada a gefen nasu?" Na karɓa na duba, wallahi gaskiyarta. Ginshiƙin A ya ninka na D sau uku a tsayi. Sai a sannan idona ya kai kan lambobin gefe: daga 58 suka fara, suka ƙare a 72. Excel ya sare wa ginshiƙan ƙafafu ya bar kawuna, don haka aji D ya rage da tsayin maki 4 kacal, A kuma da 12. Ban canja ko alƙalami ɗaya ba, amma takardar ta yi wa baiwar Allah ƙazafi a gaban abokan aikinta.

Waɗannan lambobin gefe su nake kira ma'aunin zane. Akwai na tsaye, wanda yawanci ke ɗauke da adadi, kamar maki ko kuɗi ko yawan buhuna. Akwai na kwance a ƙasa, mai ɗauke da sunaye ko watanni ko shekaru. Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda suke a fuskar kwamfuta, tunda haka za ka tarar da su.

Me ya sa Excel ya fara daga 58?

Yana da ƙa'idarsa. Yakan duba babbar lamba da ƙaramar lamba a bayananka. In tazarar da ke tsakaninsu ta haura kashi ɗaya cikin shida na babbar, sai ya fara daga sifili. In ba ta kai ba, wato lambobin sun matsu kusa da juna, sai ya ɗaga farkon ma'aunin don bambancin ya fito. Kashi ɗaya cikin shida na 70 ya kusa 12, tazarata kuwa 8 ce, shi ke nan ya yanke hukunci ba tare da ya tambaye ni ba. Haka ma a sama, yakan bar ɗan fili kan babbar lamba don kada ta taɓa rufi. In ka san wannan, da ka ga lambobinka sun yi kusa da juna za ka san inda za ka fara dubawa.

Buɗe wurin gyaran

Danna zanen sau ɗaya. Kai maus kan ɗaya daga cikin lambobin gefen hagu, kan lambar kanta, domin in ka kauce kaɗan wani abu daban za ka zaɓa. Danna maɓallin dama na maus, ka zaɓi Format Axis. Danna lambar sau biyu a jere ma yana buɗe shi, haka in ka zaɓe ta ka haɗa Ctrl da 1.

Daga Excel 2013 zuwa yau, wani allo ne zai buɗe a gefen dama. Nemi alamar ginshiƙai uku a samansa, ƙarƙashinta akwai Axis Options. In kuwa tsohon Excel ne, 2007 ko 2010, irin wanda har yanzu ake cin karo da shi a shagunan buga takardu, taga ce za ta fito a tsakiya, kuma kowane gurbi yana da zaɓi biyu, Auto da Fixed. Sai ka danna Fixed kafin ya yarda ka rubuta komai. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa, su yi ta danna gurbin yana ƙin karɓa.

In ma'aunin bai bayyana a zanen ba sam, danna alamar tarawa da ke kusurwar dama ta sama, ka sa alama a Axes.

Farko, ƙarshe da taki

Ƙarƙashin Bounds akwai gurbi biyu. Minimum shi ne inda ma'auni zai fara, Maximum inda zai tsaya. Goge abin da ke ciki, rubuta lambarka, danna Enter. Ni na sa 0 da 100, tunda bisa ɗari aka yi jarabawar. Da zarar ka rubuta, kalmar Auto da ke gefen gurbin za ta koma Reset. Wannan ita ce shaidar cewa ka ƙwace ragamar daga hannun Excel, kuma ita za ka danna duk ranar da kake son mayar masa.

Ƙasa da su akwai Units. Major shi ne takin da lambobi za su riƙa yi, kuma shi ke ƙayyade yawan layukan da ke ratsa zanen. In ka sa 20, za ka ga 0, 20, 40 har 100. Shawarata ka zaɓi takin da mutum ke ƙirge da shi a ka, 5 ko 10 ko 20 ko 50, kuma layukan kada su wuce biyar zuwa bakwai, in ba haka ba zanen zai koma kamar takardar littafin lissafi. Ka kuma tabbata takin yana raba tazarar daidai. In ka sa 30 a ma'aunin 0 zuwa 100, lamba ta ƙarshe da za ta fito 90 ce, saman ya zauna ba suna. Minor kuwa ƙananan tsaga ne tsakanin manya, ba ya nuna komai sai ka kunna ƙananan layuka da kanka. Yawanci ban taɓa shi.

Da na sake bugawa na kai wa shugaban makaranta, ya juya takardar ya ce, "Malam, yanzu kuma duk sun zama ɗaya." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kusan ɗayan ne." Abin da na ƙara kawai shi ne na danna alamar tarawar nan na kunna Data Labels, makin kowane aji ya hau kan ginshiƙinsa. Mai son sanin tazarar ya karanta 70 da 62 da idonsa.

Ginshiƙi da layi ba hukuncinsu ɗaya ba

Ido tsayin ginshiƙi yake aunawa, daga gindi zuwa kai. In ka sare gindin, ka lalata awon. Saboda haka duk zanen ginshiƙai, na tsaye ko na kwance, daga sifili nake fara shi, ba na ciniki a kan wannan.

Zanen layi kuwa hawa da sauka ake kallo a cikinsa, kuma akwai inda sifili ba shi da wani amfani. Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ke rubuta zafin jikin majinyaci safe da yamma. Lafiyayyen jiki yana wajen digiri 37, mai zazzaɓi ya kai 39 ko 40. In ma'aunin ya fara daga sifili, layin zai miƙe kamar igiyar shanya, zazzaɓin da ya hana uwa barci ba zai ko nuna ba. A nan sai a sa 35 zuwa 41, taki 1. Haka mai kula da firjin allurar rigakafi, wanda dole sanyinsa ya zauna tsakanin digiri 2 da 8: ma'aunin 0 zuwa 10 da taki 2 zai sa iyakokin biyu su faɗa kan layi, a ga ranar da aka ƙetare su.

Amma ko a zanen layi, matse ma'auni fiye da kima yana mayar da tsini dutse. Farashin da ya motsa da naira ɗari biyu a kan dubu hamsin, in ka matse ma'aunin sosai, zai yi kama da tashin gwauron zabi. Tambayi kanka: wannan motsin, a wurin mai sana'ar, babba ne ko ƙarami? Sai ka buɗe ma'aunin ko ka matse shi har zanen ya faɗi abin da mai sana'ar zai faɗa.

Wani wurin da ake tafka kuskure shi ne jera zane biyu gefe da gefe, misali zangon farko da na biyu, ko reshen shago na Kano da na Zariya. Excel zai ba kowanne ma'auninsa, ɗaya ya tsaya a 60, ɗaya a 600, ginshiƙan su yi tsayi ɗaya. Duba wanda ya fi girma, ka sa Minimum da Maximum da Major iri ɗaya a dukkansu.

In kaso cikin ɗari kake nunawa, ka sani a cikin Excel kashi 100 lamba 1 ce, kashi 50 kuma 0.5. In ka rubuta 100 a Maximum, ma'aunin zai tafi kashi 10,000, ginshiƙanka su kwanta a ƙasa. Rubuta 1, taki kuma 0.2 ko 0.25.

Idan sifilai sun cika gefen zane

Lissafin naira a yau ba ya rabuwa da sifilai. Ma'auni mai 5,000,000 da 10,000,000 yana cinye faɗin zanen, mai karatu kuma yana ƙirga sifili da yatsa. A cikin Axis Options akwai Display units. Zaɓi Millions, lambobin su koma 5 da 10. Zai liƙa wata ƙaramar kalma a gefe da Turanci. Danna ta ka goge, ka rubuta "Naira miliyan". Guraben Minimum da Maximum dai har yanzu cikakkiyar lamba suke karɓa, kuma in ka ga wani abu kamar 5.0E6 a ciki kada ka tsorata, miliyan biyar ke nan a taƙaice.

Hanya ta biyu tana can ƙasan allon, a sashen Number. Cire alamar Linked to source, domin muddin tana nan ma'aunin kwaikwayon tsarin lambobin teburinka zai riƙa yi. A gurbin Format Code rubuta wannan, sannan ka danna Add:

"₦"0.0,,"m"

Kowace waƙafi a ƙarshen lambar tana raba ta da dubu, biyu ke nan miliyan, don haka 2,500,000 zai fito ₦2.5m. In alamar naira ta yi wuyar samu a madanninka, kwafo ta daga wani wuri ko ka sa N. Ɗaya za ka ɗauka cikin hanyoyin nan biyu. In ka haɗa su, rabawar sau biyu za a yi, ka ga ma'auninka duk sifili. 'Yan'uwa na Nijar da sauran masu kwamfutar da aka saita da Faransanci su lura cewa a wurinsu waƙafi ce ke raba ɓangaren lamba, don haka 0,5 za su rubuta inda na ce 0.5, kuma Display units ya fi musu sauƙi da wannan rubutun.

Ma'aunin kwance yana da nasa hali

Mutum zai buɗe Format Axis a kan sunayen watanni yana neman Minimum da Maximum, ya rasa. Babu su, domin a zanen ginshiƙi da na layi Excel sunaye yake ɗaukar abin da ke ƙasa, ba adadi ba. In kana son rage watannin da ke fitowa, bayanan za ka taɓa. Danna zanen, za ka ga an zagaye teburinka da layuka masu launi, ja kusurwarsu ka faɗaɗa ko ka rage. Ko ka danna alamar mazurari da ke gefen zanen, ka cire alama daga watannin da ba ka so, ka danna Apply.

Sai matsalar shekaru, wadda kusan kowa ya taɓa faɗawa cikinta. Kana da 2021, 2022, 2023 a jerin farko, Excel ya gan su lambobi ne, ya yi musu nasu ginshiƙan, a ƙasa kuma ya rubuta 1, 2, 3. Danna dama a kan zanen, zaɓi Select Data. A ɓangaren hagu zaɓi jerin shekarun ka danna Remove. A ɓangaren dama danna Edit, ka ja maus kan akwatunan shekarun, sai OK. Dabarar kauce wa wannan tun farko ita ce ka bar akwatin da ke saman shekarun fanko kafin ka yi zanen.

In sunayen sun yi yawa har suna karkacewa, shiga sashen Labels, ka zaɓi Specify interval unit, ka sa 2 ko 3, ya riƙa tsallake wasu.

Kwanan wata shi ne mai ɗan zurfi. Ƙarƙashin Axis Type akwai Text axis da Date axis. Ka ce kana rubuta farashin shanu duk ranar Juma'a a kasuwar Wudil. In ma'aunin Date axis ne, Excel zai ware wa kowace rana gurbinta, har kwana shidan da ba a ci kasuwa ba, ginshiƙan su zama sirara kamar tsinke da fili a tsakani. Text axis zai jera ranakun kasuwar kawai, kafaɗa da kafaɗa. To amma in ka yi mako uku ba ka je ba, Text axis zai ɓoye wannan giɓin, farashin ya yi kamar a mako ɗaya ya yi tsalle. A irin wannan hali Date axis da zanen layi sun fi gaskiya. Kuma shi Date axis yana da Bounds, kana iya rubuta ranar farawa da ta ƙarewa, ka sa takin ya zama kwanaki ko watanni ko shekaru.

In ka zaɓi Date axis ya ƙi aiki, koma teburin. Kwamfutoci da yawa a saitin Amurka suke, inda wata ke gaba da rana. Ka rubuta 13/02/2025, ta rasa wata na 13, ta ajiye shi a matsayin rubutu. Za ka gane shi domin ya jingina da hagun akwati, alhali kwanan wata na gaske dama yake jingina. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne 03/02/2025, wanda za ta karɓa shiru a matsayin 2 ga Maris, kai kuwa 3 ga Fabrairu kake nufi.

Zanen ɗige-ɗige, wato Scatter, shi ne ma'auninsa na kwance ke da adadi na gaske, da Minimum da Maximum kamar na tsaye. In kwanan wata ne a kansa, za ka ga lambobi irin 45658 a guraben. Excel ƙirga kwanaki yake daga 1 ga Janairu 1900, kuma 45658 ita ce 1 ga Janairu 2025. Taki 7 mako ɗaya ke nan.

Ma'auni na biyu, da wasu ƙananan gyare-gyare

Kana son nuna yawan buhunan da aka sayar da kuɗin da aka samu a zane ɗaya. Buhuna ɗari-ɗari ne, kuɗi miliyoyi, sai buhunan su ɓace a ƙasa. Danna dama kan jerin da kake son warewa, zaɓi Format Data Series, sannan Secondary Axis. In ya yi ƙanƙantar da ba ya dannuwa, bi ta Change Chart Type ka zaɓi Combo, a can kowane jeri yana da ɗan akwatin da za ka sa wa alama. Sabon ma'auni zai fito a dama, kuma ana gyara shi kamar na hagu. Ka sa su fara daga sifili su biyun, yawan takinsu ya zo ɗaya, misali 0 zuwa 500 da taki 100 a hagu, 0 zuwa miliyan 25 da taki miliyan 5 a dama, don layukan su hau kan juna. Ka rubuta wa kowanne suna ta Axis Titles. Ni dai ba na sakin jiki da irin wannan zane, domin inda layi ya ratsa ginshiƙi ba ya nufin komai, da taɓa ma'auni ɗaya zai koma wani wuri. In takarda tana da fili, zane biyu nake yi.

In akwai asara a lissafin, ginshiƙai za su nutse ƙasa da sifili su hau kan sunayen watanni. Zaɓi ma'aunin kwance, a Labels ka mayar da Label Position zuwa Low, sunayen su sauka ƙasan zanen.

Zanen ginshiƙan kwance yakan juya jerinka, na farko a tebur ya koma ƙasa. Zaɓi ma'aunin sunayen, sa alama a Categories in reverse order. Lambobin za su yi tsalle su koma sama, sai ka zaɓi At maximum category a wannan allon su dawo.

Logarithmic scale na bayanan da wasu goma ne wasu miliyan, kowane taki ninki goma. Ba ya karɓar sifili ko lambar da ke ƙasa da shi, kuma in masu karatunka ba su saba da shi ba, ka bar shi.

A Google Sheets da LibreOffice

A Google Sheets danna zanen sau biyu, allon gyara ya buɗe a dama. Shiga Customize, sannan Vertical axis, za ka ga Min da Max. Takin yana wani sashe daban mai suna Gridlines and ticks: zaɓi ma'aunin tsaye, mayar da Major spacing type zuwa Step, ka rubuta takin. Ma'auni na biyu yana ƙarƙashin Series, inda za ka zaɓi jerin ka ba shi Right axis. A LibreOffice Calc, wata manhajar tebur irin Excel, danna zanen sau biyu, danna dama kan ma'aunin, Format Axis, shafin Scale, ka cire alamar Automatic daga gurbin da za ka canja.

Tarkon wata mai zuwa

Lambar da ka rubuta da hannu ba ta motsi. Ka sa Maximum miliyan 5 a Janairu, cinikin sallah ya kai miliyan 7, ginshiƙin zai tsaya a rufi kamar an datse shi da almakashi, layi kuma ya fita daga zanen, kuma Excel ba zai ce maka uffan ba. Na ga rahoton da aka yi wata uku ana turawa a haka. Ga fayil ɗin da ake ƙara wa bayanai kullum, kulle Minimum kaɗai a sifili, ka danna Reset a Maximum da Major su riƙa bin bayanan. Kulle sama sai inda iyakar ba ta canjawa, kamar maki bisa ɗari ko kaso.

Guraben Bounds ba sa karɓar adireshin akwati, ba za ka rubuta =F1 ya bi ba. Mai son ma'auni ya riƙa bin wani akwati sai ya shiga VBA, wato yaren rubuta umarni da ke cikin Excel, da layi irin wannan bayan ya zaɓi zanen:

ActiveChart.Axes(xlValue).MaximumScale = Range("F1").Value

Fayil ɗin kuma sai an adana shi a nau'in xlsm, in ba haka ba umarnin zai ɓace. In kuma zane iri ɗaya kake yi duk zango, kamar nawa na maki, gyara shi sau ɗaya, danna dama a kansa ka zaɓi Save as Template. Zango mai zuwa za ka same shi a All Charts, cikin Templates, da 0 da 100 ɗinsa.